Shekarar da Na Yanke Waya a Gidan Surukina

Ku ɗiyana, akwai wata magana da kuka taso kuna ji a bakin dangin uwarku, wani lokaci da dariya, wani lokaci ƙasa-ƙasa in sun ga na shigo: wai ni Illa na taɓa gwada wa surukina ƙarfi a cikin gidansa har ya kore ni. Korar gaskiya ce. Sauran kuwa kowa ya zuba nasa gishiri, har kwanan baya na ji wata jikata tana cewa wai hannu na ɗaga wa kakanku. Waɗanda suka ga abin da idonsu duk sun riga mu gidan gaskiya, uwarku ma ta bi su, saura ni kaɗai, ga ido ya fara gajiya. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda aka yi, da nawa laifin da nasa, don kada in tafi in bar ku da rabin zance.

Kun san ni ɗan Karofane ne, gidan manoma gero da dawa a kan tudu mai duwatsu. Shekarar babban fari na farko, lokacin da dabbobi suka zube, na bar gida da ƙafa na nufi Maraɗi neman abin da zan aiko wa tsofaffi. A can Allah ya haɗa ni da wani Badahome mai aikin kuran, wato wutar lantarki, na yi shekara shida ina riƙe masa tsani. Shi bai iya Hausa sosai ba, ni kuma ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko, amma ya koya mini karanta lambar da ke jikin kaya da lissafin da ke bayanta. Abin da ya fi nanata mini guda ne: kowane abu da ake kunnawa yana da gwargwadon wutar da yake sha, kowace waya kuma tana da gwargwadon abin da take iya ɗauka. Da na ji an kafa injin wuta a Madawa, sai na tattara jakata da naɗin waya guda mai kauri da na saya da gumina, na dawo kusa da gida.

Kakanku Alhaji Nomau babban ɗan kasuwar albasa ne, yana cika kamiyo, babbar motar kaya, yana turawa har Abijan. Wata rana famfon garkarsa, wato lambun albasarsa, ya tsaya ana cikin ban ruwa, aka kira ni, na tada shi kafin azahar. Tun daga nan ya riƙe ni. Ya ba ni shago a jikin gidansa, na ja wayata mai kauri daga kontar gidan, wato mitar da ke lissafa wuta, zuwa teburin aikina. Bayan shekara ya ba ni uwarku Zali, alhali dangi suna cewa yaya za a ba ɗan ƙauye mai hawan tsani ɗiyar Alhaji. Ya kuma yanka mana sashe a cikin gida. Ina so ku riƙe wannan tun yanzu: duk duniya ba wanda ya taɓa yi mini alheri kamar mutumin nan.

Alhaji yana da ɗa namiji babba, Asumane, yayan uwarku, yana aiki a Abijan, ya yi shekara shida bai taka gida ba. Saboda shi Alhaji ya gina ɗakuna biyu na siminti a bayan gida, da ɗan madafi da makewayi, don ya sami wurin sauka in ya zo hutu. Sauran watanni kuma baƙi ke kama wurin su huta kwana biyu ko uku, ma'aikata masu wucewa da Turawan da ke aikin tare ruwa da dashen itace a Keita. Ni na sa wa ɗakunan wuta: ƙwan fitila huɗu da fanka guda. Siririyar waya ta ishe su, ita na ja, ta bi ta ƙarƙashin rufin ɗakin ajiya, inda ake jibge harawa da zana da buhunan wofi.

Shekarar da abin ya faru ita ce ta fari na biyu, wadda aka rufe iyakar Nijeriya. Kayan aikinmu duk daga can suke shigowa, sai suka ɗauke kamar ruwan sama. Ana cikin haka direban Alhaji ya dawo daga Abijan da wasiƙa da kwali guda. Asumane yana tafe nan da kwana goma sha biyu, da matarsa Mariyama da jaririnsu ɗan wata huɗu. Mariyama tana da ciwon fuka, hayaƙin itace ko na kananzir yana tayar mata da shi har numfashi ya gagare ta, shi ya sa ya aiko da risho na kuran, fari, mai kai biyu, a sa mata a madafin baƙi. Ban taɓa ganin Alhaji cikin farin ciki irin na ranar ba. Bayan la'asar ya sa aka fito da rishon zaure, abokansa suna zaune a tabarmi suna shafa shi, ya aika a kira ni. Na zo na durƙusa daga bakin ƙofa kamar yadda suruki ke yi.

"Illa, ga abin da ɗan'uwanka ya aiko. Gobe ka sa mai priz, wurin jona shi da wuta, cikin madahin baƙi. Ka jawo daga wayar hitila, ai kusa take."

Na jawo rishon na kifa shi, na karanta ɗan ƙarfen da ke manne a gindinsa. Wat dubu uku. Na yi lissafi a zuci: in an kunna kai biyun, zai ja amfa kusan goma sha huɗu, wayar fitilar kuwa da ta wuce shida ta fara zafi. Ga nisa, taki arba'in daga kontar. Ga harawa a ƙarƙashinta, a shekarar da damin harawa ya fi rago daraja. A nan laifina yake, kuma ba zan ɓoye muku ba. Abin da ya kamata shi ne in ce to, in tashi, daga baya in sami Baba Cindo, ƙanen Alhaji, in yi masa bayani a keɓe ya kai maganar da hikima. Amma ina da ƙuruciya, ga ilimin yana yi mini ƙaiƙayi a baki. Sai na buɗe baki a gaban mutane.

"Baba, wayar can ba ta ɗaukar abin ga. Sai an jawo mai tashi waya daban, mai kauri, tun daga kontar, da nashi fizibil wanda ka tsinkewa in wuta ta yi yawa."

"To ka jawo."

"Babu ta Madawa, Baba. Tun da anka ruhe iyaka na biɗe ta Ƙwanni, na biɗe ta Maraɗi, babu. Sai ko Yamai, kuma sai an yi wata guda ana jira."

Wani abokin Alhaji, dattijo mai garka, ya yi dariya ya ce waya ai waya ce, ina wuta ta san kauri. Maimakon in yi shiru sai na juya gare shi.

"Baba, in ka sako ruwan hwamho duka cikin ƴar hanyar da ka shayar da fangali guda, mi ka hwaruwa?"

"Ta ɓalle."

"To ita waya ba ta ɓallewa. Zahi takai, ta narke, ta kama abin da ke kusa da ita."

Zaure ya ɗauki dariya. Dattijon suke yi wa, amma da na saci kallon Alhaji na ga ya ɗauka da shi ake. Wani ya ce to a gaya wa matar ta riƙa kunna kai guda. Na ce mace mai dafa shinkafa da miya, ga jariri yana kuka, wa zai tsaya mata gadin makunni? Wannan ma da na haɗiye ta ya fi. Alhaji ya gyara zama, muryarsa ta sauka, kuma duk wanda ya san shi ya san in muryarsa ta sauka to abin ya kai.

"Kwana goma sha biyu gare ni. Ɗana shina zakuwa da iyalinai. Kana ɗaurawa ko ba ka ɗaurawa?"

"Bisa waccan waya, Baba, ba ni ɗaurawa."

"To akwai mai ɗaurawa. Kai kuma kak hannunka shi sake taɓa wayar gidan ga."

Washegari aka kawo wani mai gyaran rediyo daga kasuwa. Ba zan faɗi sunansa ba, ɗiyansa suna nan, kuma shi ba mugu ba ne, abin da bai sani ba ne bai sani ba. Ya jona priz a kan wayar fitila. Da ya kunna rishon fizibil ɗin ɗakunan ya tsinke. Ya sauya, ya sake tsinkewa. A karo na uku ina kallonsa daga ƙofar shago, don kontar tana jikin bangon zaure, ya zaro ƙusa daga aljihu ya cusa a wurin. Wuta ta tsaya, risho ya yi ja, aka yi ta sa masa albarka. Ni kuwa na san fizibil shi ne mai gadin waya, yanzu an sallami mai gadin. Na tafi wurin Baba Cindo na durƙusa na yi masa bayani dalla-dalla. Ya je ya dawo yana girgiza kai, ya ce yayansa ya ce in an sake tada masa maganar nan to a bakin zumunci. Surukata Inna Kulu, wadda tsakanina da ita sai gaisuwa daga nesa, ta aiko uwarku da saƙo cewa in yi haƙuri in ba Alhaji haƙuri, wata guda ne kawai za su yi su tafi.

Kwana huɗu ina zaune a shago ba na iya riƙe ko sukurdireba. Ranar ta biyar uwarku ta kawo mini abincin rana, lokacin tana da cikin wata biyar, cikinki ne Hadiza. Ta ajiye kwanon, maimakon ta juya sai ta zauna a kan benci ta dube ni.

"Maigida, hwaɗa min tsakaninka da Allah. Girman kai na ko gaskiya ta? Nan ba zaure ba na, ni ɗai ta."

Na ce mata ni an hana ni taɓawa, amma ita ba a hana ta ba, kuma ita ke sharar ɗakunan baƙi. Ta je ta ɗora tukunyar ruwa, ta kunna kai biyun, ta jira gwargwadon wanke kwano biyar, sannan ta shiga ɗakin ajiya ta taɓa wayar inda ta sauko jikin bango, ta dawo da gudu ta kashe. Ta tafi. Da ta dawo tana riƙe da yatsanta a cikin ɗaya hannun, fuskarta ta sauya.

"Ta yi laushi awa alewar da anka bari cikin rana. Ga wari. Kuma bisa harawa take kwance."

"Haka na."

"Yayana da jaririnai bayan bangon nan za su kwana."

Ta tashi ta tafi wurin ubanta da kanta. Bai bari ta kai ƙarshen magana ba, ya ce mijinta ne ya aiko ta, ta tashi ta ba shi wuri. Ta dawo shago idonta ya yi ja, amma ba kuka take ba. Ta tambaye ni, duk faɗin garin nan babu inda za a sami mai kaurin ko da tsohuwa ce? Sai idona ya tafi da kansa kan bangon shagon, inda baƙar wayata ta Maraɗi ta bi ta sauko kan tebur, mai milimita huɗu, jijiya uku a cikinta. A kanta injin cajin batir yake, da dutsen wasa ƙarfe, da wurin gwada injinan famfo. In babu ita shagon ya zama ɗakin ajiye tarkace. Uwarku ta bi idona da kallo.

"Ta isa?"

Na ɗauki igiya na auna tawa, na ba ta igiyar ta je ta auna daga kontar ta bayan bango har madafin baƙi, ba ta cikin ɗakin ajiya ba. Ta dawo ta ce ta isa, har da ragowar kamu biyu.

"Zali, Baba ya hana ni taɓawa."

"Na ji sa'ad da ya hana."

"Shina iya korarmu."

"Na hi ka sanin ubana. Korarmu za shi yi. Jibi shina tahiya Buza da sassahe, sai marece shika dawowa."

Ku lura, ban ce ita ta sa ni ba. Tun ranar da na ga ƙusar nan zuciyata ta riga ta yanke, tsoro ne ya riƙe mini ƙafa. Abin da ta yi shi ne ta nuna mini cewa in na tafi ba ni kaɗai zan tafi ba.

Ranar, motar Alhaji tana fita na kashe wutar gidan daga kontar. Na fara da shagona, na ɓalle maƙalai ɗaya bayan ɗaya, na naɗe wayata a kafaɗa. Na zare ƙusar nan na mayar da fizibil na gaskiya, na yanke jonin mai rediyo, na bar wa wayar fitila fitilunta da fankarta, aikin da aka yi ta dominsa. Sannan na ja tawa. Na zura ta cikin tsoffin bututun ƙarfe da nake ajiye da su, saboda ɓera da rana, na bi da ita ta bayan bango nesa da harawa, maƙali a kowane kamu. Na sa mata fizibil nata na tangaran, mai amfa goma sha shida, na rubuta alamar tukunya a jikinsa da fenti don ko wanda bai yi karatu ba ya gane na risho ne. Priz ɗin na ɗaga shi sama da tebur, nesa da randar ruwa. Jijiya ta uku kuma na ɗaure ta a sandar ƙarfe na buga a ƙasa kusa da magudanar makewayi inda danshi ba ya yankewa, don in wata rana wuta ta tsere cikin jikin rishon ta bi ƙasa, kada ta bi hannun mai girki. Uwarku ce ke riƙe mini tsani tana miƙo waya, da cikinta, cikin ranar nan ta Madawa mai fasa dutse. Inna Kulu tana zaune a ƙofar ɗakinta tana tsince wake, ta juya mana baya kamar ba ta san ana yi ba. Amma da rana ta take sai ga ƙwarya biyu ta fura an ajiye a gindin tsani, ba saƙo, ba magana.

Kafin la'asar na mayar da wuta. Muka ɗora tukunya biyu, muka kunna kai biyun har ƙarshe, muka tsaya har ruwan ya tafasa ya ci gaba da tafasa. Na ce wa uwarku ta kama wayar inda ta shiga priz. Ta kama, ta daɗe tana riƙe da ita, sannan ta ce sanyi ƙalau kamar igiyar guga. Na yi ayyuka da yawa bayan wannan, na sa wa masallatai wuta, na sa wa ɗakunan shan magani, amma ban taɓa jin daɗin aikin hannuna kamar na wannan la'asar ba.

Ban ɓuya ba. Na naɗe guntun wayar da na yanke, na ɗora ƙusar a kai, na zauna a zaure ina jira. Alhaji ya iso rana tana shirin faɗuwa. Bayan ya sha ruwa na matsa na ajiye su a gabansa na gaya masa abin da na yi, ban rage ba ban ƙara ba. Ya tashi ya zaga bayan gida ya bi bututun da ido har madafin baƙi. Daga can ya wuce shagona, ya tsaya a ƙofa yana kallon bangon, babu komai a jikinsa sai ramukan maƙalai a jere. Ya daɗe a tsaye, har na fara sa rai. Sannan ya dawo ya zauna.

"Na hana ka, ka yi."

"Na yi, Baba."

"Kai da wa?"

Kafin in amsa sai muryar uwarku ta fito daga bayan labulen zaure.

"Da ni, Baba."

Ya rufe ido kaɗan, ya buɗe.

"Gida guda ba shi da maigida biyu. Kahin ɗana shi iso, ku biɗi wuri."

Bayan kwana uku muka kwashe. Muka kama ɗakin laka guda a wajen tasha, mai aikin kuran a ɗakin da ake kunna fitilar ƙwai. Gari ya goyi bayan Alhaji, kuma ban ga laifin gari ba, don abin da suka gani shi ne yaron da aka ɗauko daga kan tsani aka ba shi mata da ɗaki ya take maganar mai gida. Waɗanda da suke kirana suka daina. Na koma yawo da jaka ina gyaran tocila da dutsen guga, wata rana in samu, wata rana in dawo hannu biyu. Shekarar fari ce, ba mai taimakon wani. Uwarku, ɗiyar Alhaji Nomau, wadda ba ta taɓa riƙe taɓarya don wani ba, ta koma yi wa matan unguwa dakau. Ko sau ɗaya ba ta ce mini dubi inda ka kawo mu ba. Asumane ya zo ya gan mu sau guda, a kunyace, ya ce ya yi wa Baba magana bai saurare shi ba. Suka yi watansu, Mariyama tana girki safe da yamma, suka koma lafiya. Sai mutane suka fara cewa, to ga shi ba abin da ya faru, da ma ko da siririyar ba abin da zai faru. Haka sana'armu take. In ka yi aiki daidai ba ka da abin nunawa, sai gidan da yake tsaye yadda yake jiya.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne haihuwarki, Hadiza. Haihuwar fari a gidan iyaye ake yinta, kowa ya sani. Uwarki ta haife ki a ɗakin lakar nan, gidan ubanta yana nan tafiyar da ba ta kai a sha ruwa ba. Inna Kulu ce ke zuwa kowace safiya da itacenta tana yi mata wankan jego, Alhaji kuma yana yi kamar bai san inda matarsa ke zuwa ba. Ranar suna bai zo ba. Da hantsi dai aka ga rago a ɗaure a ƙofar ɗaki, wanda ya kawo shi ya ce shi ba a ba shi saƙo ba. Uwarki ta ɗora hannu a kan ragon ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar da muka fito.

Kina da wata uku Baba Cindo ya yi sallama da wani Bature a bayansa, injiniya daga aikin Keita. Ya sauka ɗakunan baƙi ne ya huta, ya ga fizibil mai alamar tukunya, ya bi bututu, ya tarar da sandar ƙarfen da ke ƙasa, sai ya je zaure da tafinta yana tambaya wa ya yi wannan aiki, don suna neman irinsa ba su samu ba. Baba Cindo ya ce a gabansa aka yi. Alhaji yana iya cewa wani ne daga Maraɗi ya yi ya tafi, ba mai ƙaryata shi. Ya ja carbi, sannan ya amsa.

"Surukina na. Ba mu magana, amma aikinai na. Cindo, kai shi."

Baturen ya ɗauke ni aiki. Shekara uku muka yi a Keita, ina sa wuta a ɗakunan ajiya da gidajen ma'aikata, ina kula da famfuna. A can aka haifi Mamman da Rabi, a can muka fara cin abinci ba tare da auna na gobe ba. Kowace Sallah muna saukowa Madawa gaisuwa. Uwarku a hankali ya fara amsa mata, har ya kai yana ɗaukar jikoki. Ni kuwa in na durƙusa na gaishe shi sai ya ce lahiya, ya juya ga na kusa da shi. Ban fasa zuwa ba, shi ma bai fasa juyawa ba.

A shekara ta huɗu ciwo ya kwantar da shi, aka aiko mu zo. Muka iso da hantsi, ɗakin cike da dangi, ya rame har na kusa kasa gane shi. Yana da ɗiya uku ƙanana a lokacin, ƙannen uwarku da ba su yi aure ba, ga garka, ga gida, ga Asumane yana nesa, Baba Cindo kuma tsufa ya kama shi. Kowa yana jira ya ji wa zai bar wa amanarsu. Ya sa aka tada shi zaune, ya waiga yana nema har ya gano ni a bakin ƙofa, ya yafito ni da hannu.

"Illa, ƙananan ga, hannunka na bar su. Da su da garka, har su mallaki hankalinsu."

Wani ɗan baffansa ya kasa haƙuri, ya ce, Alhaji, wanda ya saɓa maka cikin gidanka?

"Shi ɗin."

Na matsa kusa na ce na karɓa, Allah ya ba ni ikon riƙewa. Ya kama hannuna, ya jawo ni har kunnena ya kusa bakinsa, don ƙarfinsa ya ƙare.

"Amma har gobe ba ka kyauta ba da ka hwaɗa min gaban mutane."

"Gaskiya ta, Baba. Ban kyauta ba. Ka yahe min."

"Na yahe. Kai ma ka yahe min ɗakin lakar can."

Na ce na yafe. Ya saki hannuna, ya ce a gyara masa matashi, kuma a ba mutanen Keita ruwa su sha, sun sha hanya.